Daga Kwancin Kaza Zuwa Dashen Tayi: Tarihin Tsare Ɗumi a Sha'anin Haihuwa



1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne waɗansu daga cikinku su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen da ya fi dacewa da bakin likita. Dalilina shi ne, duk ilmin da bai sami suna a harshen mutane ba, baƙo ne a garinsu, kuma baƙo ba a cika sakin jiki da shi ba. Yau akwai ma'aurata daga Jega da Aliero da Maiyama da ke sayar da gona ko shanu, su tafi Abuja neman haihuwa ta hanyar da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sa'an nan a mayar da abin da ya samu cikin mahaifarta. Da yawansu kan je su dawo ba tare da sun fahimci abin da aka yi musu ba, balle su san tambayar da ta kamata su yi.

Wannan mataki na ƙarshe, watau mayar da ƙwayar tayi cikin mahaifa, ni zan kira shi dashe, kuma a gonakin albasar Aliero na ari kalmar. Manomi yakan yi renon iri a fangali na wajen mako shida, sa'an nan ya cire ya dasa. Ya san cewa lokacin da shuka ta fi fuskantar haɗari shi ne tsakanin cirewa da dasawa, shi ya sa yakan jira rana ta yi sanyi, kuma ba ya barin irin ya daɗe a hannu. Haka abin yake ga ƙwayar tayi. Abin da zan bibiya a wannan lacca shi ne tarihin yadda ɗan Adam ya koyi tsare ɗumin rai a wajen jikin uwa, da kuma abin da wannan tarihi ke nufi ga ƙasa mai zafi irin tamu.

2.0 Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Ina yaro, da damina ta kama zabi suka fara saka, kakata takan aike mu mu bi sawunsu cikin ciyawa mu tsinto ƙwai. Ba ta barin zabuwa ta yi kwanci, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Sai ta nemi kazar da ta shiga kwanci ta zuba mata ƙwan zabin. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa yakan kai 26 zuwa 28, amma kaza takan daure har ta ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba nata ba. Idan kuka lura, wannan dashe ne sosai: an ɗauke rai daga uwa guda an miƙa shi ga wata, kuma sharaɗin nasara shi ne kada ɗumin ya yanke. Kowace tsohuwa a ƙauyukan Maiyama ta san idan kaza ta daɗe da barin akurki ƙwai ya huce, sai ya zama baragurbi.

Harshenmu ma ya bambanta zafi da ɗumi, ya bambanta sanyi da ɗari. Ɗumi shi ne zafin da ya tsaya daidai, wanda rai ke so. A maganin gargajiya kuwa, sanyi na cikin manyan abokan gaban mace mai haihuwa, kuma daga nan ne aka sami wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka nuna cewa yawan ciwon zuciya da ake gani ga masu jego a ƙasar Zazzau yana da alaƙa da wannan zafi da gishirin kanwa. Kakanninmu sun gane muhimmancin ɗumi. Abin da ba su da shi shi ne ma'auni, kuma zafin da ba a auna ba yana iya zama cuta.

3.0 Daga tandun Misira zuwa akwatin reno

Misirawa ne farkon waɗanda tarihi ya sani da ƙyanƙyasar ƙwai ba tare da kaza ba. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce marubutan Girka sun ambaci wannan fasaha tasu. Sukan gina ɗakunan tubali, su hura wutar kashin dabbobi mai ci a hankali, su shimfiɗa dubban ƙwai suna juya su. Ma'auninsu shi ne jikinsu: mai aikin yakan ɗora ƙwan a fatar idonsa ya ji ko zafin ya yi daidai. Sana'a ce ta gado, kamar yadda ɗori yake a gidajen da suka shahara da shi a nan Aliero, kuma kamar kowace sana'ar gado, ba ta tafiya sai da mai ita. Turawan da suka so kwaikwayonta a ƙasashensu sun sha kasawa.

Abin da ya sake al'amarin shi ne ma'aunin zafi. Wani masanin Faransa, Réaumur, wanda shi kansa ya ƙera irin nasa ma'aunin, ya wallafa littafi a 1749 kan ƙyanƙyasar ƙwai a cikin ganga da aka binne a taki. Daga lokacin, abin da ke cikin fatar idon Bamisire ya koma lamba da kowa zai iya karantawa ya koya wa wani. A 1880 kuma wani likitan haihuwa a birnin Faris, Stéphane Tarnier, bayan ya ga injin ƙyanƙyasar tsaki a gidan namun daji, ya sa aka ƙera masa irinsa domin jariran da aka haifa bakwaini. Saboda haka akwatin da kuke gani a ɗakin jarirai na asibiti jikan akurkin kaza ne, kuma akwatin renon tayi na yau tattaɓa-kunnensa ne.

4.0 Zomo, tunkiya da saniya

Dashen tayi na farko da aka tabbatar an yi shi ne a Ingila cikin watan Afrilu na 1890. Walter Heape ya ciro ƙwayoyin tayi biyu daga zomanya fara mai dogon gashi, ya dasa su a cikin zomanya ta wani jinsi dabam. Da ta haihu, cikin 'ya'ya shida biyu suka fito farare masu dogon gashi, kamannin iyayensu na asali. Heape ba shi da akwatin reno. Dabararsa ita ce hanzari, ya ɗauke daga jiki mai ɗumi zuwa jiki mai ɗumi kafin abin ya huce.

Shekara sittin bayan haka sha'awar masu kiwo ta ja aikin gaba, har aka haifi ɗan maraƙi na farko ta hanyar dashe a Amurka a 1950. Sai wata matsala ta taso: ina dabarar kai tayi wata ƙasa mai nisa? Amsar da masanan Kembirij suka bayar a farkon shekarun 1960 za ta ba kakata dariya. Sun sa ƙwayoyin tayin tumaki a cikin bututun ƙwai na zomaye masu rai, suka ɗora zomayen a jirgin sama zuwa Afirka ta Kudu. Can aka ciro tayin aka dasa a tumakin ƙasar, suka haifi 'yan raguna jinsin Ingila. Duk ilmin Kembirij na wancan zamani bai sami abin da ya fi jikin dabba iya riƙe ɗumi ba.

Ta wani gefen kuma, waɗansu masana suka bi hanyar sanyi. A 1949 Polge da Smith da Parkes suka gano cewa giliserin na kare maniyyi daga ɓarnar ƙanƙara. A 1972 aka daskarar da tayin ɓera aka narke shi ya rayu, a 1973 aka haifi ɗan maraƙi daga daskararren tayi a Kembirij. Ana ajiye irin wannan a cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, inda duk wani motsin rai ke tsayawa cik. Wannan hanya ce ta fara isowa Arewa, ta ƙofar dabbobi. A Shika ta Zariya, inda aka kafa tashar kiwo tun 1928 wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976, an daɗe ana ajiye maniyyin bijimai a tulunan naitirojin domin barbarar shanu. Ma'aikacin da ya iya aikinsa yakan ciro siririn karan maniyyin ya tsoma a ruwa mai ɗumin jiki na kamar rabin minti, ya yi amfani da shi nan take. Idan ya yi sake, saniya ba za ta ɗauka ba, makiyayi kuma ya ce aikin banza ne.

5.0 Ɗan Adam

Ran 25 ga Yuli 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldam na Ingila, mutum na farko da aka haɗa ƙwayar halittarsa a wajen jikin uwa. Mutum uku ne suka yi aikin: Robert Edwards masanin kimiyya, Patrick Steptoe likitan mata, da Jean Purdy, wadda ita ce ke tsaye kan ɗakin gwajin, tana lura da ruwan reno da akwatin da tayin ke ciki. An daɗe ana ambaton maza biyun ana mantawa da ita, alhali kuwa ɓangaren da ta riƙe shi ne wanda muke zance a kansa yau. Edwards ya sami lambar Nobel a 2010. A 1984 aka haifi jaririya daga daskararren tayi a birnin Melbon na Ostareliya. Wanda ya san zancen kwantaccen ciki a al'adarmu, watau cikin da ake cewa ya yi barci shekaru kafin ya tashi, zai ga yadda kimiyya ta zo da wani abu mai kama da shi, sai dai nata barcin a tulu ake yin sa.

A Nijeriya, Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie ne suka soma wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980, suka ba da rahoton haihuwa a 1989. A Arewa kuwa, cikin watan Fabrairu na 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a yankin Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Malaman addini ba su yi jinkiri ba. Muftin Misira na lokacin, Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa tun 1980, sa'an nan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta aikin bisa sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, mahaifar tata ce, kuma auren yana nan. Ta haramta shigowar mutum na uku, domin kare nasaba. A nan ne misalin kaza da zabuwa ya tsaya: abin da ya halatta a akurki bai halatta ga ɗan Adam ba.

6.0 Me ya sa digiri 37?

Jikin mutum mai lafiya yana kan digiri 37 a ma'aunin Selshiyas, kuma a kan wannan ake saita akwatin reno. Ƙwan mace bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, da ƙyar ido ke ganinsa. Yana zaune a ɗigon ruwa, ɗigon ruwa kuwa ba ya riƙe ɗumi. Ku gwada da shayi: tukunya takan daɗe da zafi, amma cokali guda nan da nan ya huce.

A cikin ƙwan akwai wani tsari na zarurruka da masana suka raɗa wa sunan mazari, don siffarsa ta yi kama da mazarin kaɗi da abawa a jikinsa. Aikin wannan mazari shi ne raba zaren gado daidai wa daida. Mutum yana da zaren gado 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. A 1990 Susan Pickering da abokan aikinta a Kembirij suka nuna cewa idan aka bar ƙwan mace ya huce zuwa sanyin ɗaki na 'yan mintoci, mazarin yakan warware, kuma a yawancin ƙwayoyin ba ya komawa daidai ko da an sake ɗumama su. Mazarin da ya karkace yana iya yin rabon da bai daidaita ba, tayin kuma ya ƙi kamawa ko ya zube. Ga ido babu abin da ya faru. Sai bayan mako biyu, da gwajin ciki ya nuna babu, matar ta koma gida tana zargin kanta.

Daga irin wannan bincike ne ƙa'idojin ɗakin gwaji na yau suka fito. Ana ɗumama teburin aiki, da farantin madubin likita, da kwalaben da za a zuba ƙwai, da ruwan reno. Ana rage buɗe ƙofar akwatin, domin kowace buɗewa tana fitar da ɗumi da iskar kabon, wadda ake riƙewa kan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari don kada tsamin ruwan ya sauya. A kwana na uku ko na biyar ake yin dashen. Mai kula da tayi yakan zuƙe shi cikin siririn bututu mai laushi, ya miƙa wa likita, shi kuma ya zura ta bakin mahaifa ya sauke. Wannan ɗan tsakani shi ne daidai da lokacin da irin albasa ke hannun manomi. Bututun siriri ne ƙwarai, yana hucewa cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake gina ɗakin dashe manne da ɗakin gwaji, a shirya matar tsaf kafin a ɗauko tayin, a kuma yi ƙoƙarin gamawa cikin minti ɗaya ko biyu. Shekara ɗari da talatin bayan Heape, hanzari bai daina zama rabin dabarar ba.

Wani zai tambaya, idan sanyin ɗaki na ɓata ƙwai, yaya sanyin naitirojin bai ɓata shi ba? Amsar ita ce, haɗarin yana kan hanya, a tsakanin ɗumin jiki da daskarewa. Hanyar da Rall da Fahy suka bayyana a 1985, wadda yanzu ta zama ruwan dare, ita ce a janye ruwan cikin ƙwayar da magani, a tsoma ta a naitirojin farat ɗaya, ta sandare kamar gilashi kafin ƙanƙara ta sami damar tsirowa ta huda ta. Tayi yana da masauki biyu, digiri 37 da digiri 196 ƙasa da sifiri. Abin da ke tsakaninsu daji ne da ake ratsawa a guje.

7.0 Ƙasa mai zafi

Littattafan wannan fanni galibi a ƙasashen sanyi aka rubuta su, don haka tsoronsu guda ne, kada tayi ya huce. Mu namu tsoron biyu ne. Da bazara, a watan Afrilu, zafin rana a Jega yakan haura digiri 40, da hunturu kuwa asuba takan sauko kusan 15. Akwatin reno na yau da kullum ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Idan ɗakin da yake ciki ya wuce digiri 37, akwatin zai bi ɗakin, kuma tayi ya fi jure ɗan sanyi a kan ɗan zafi. Saboda haka dole a sanyaya ɗakin da na'ura domin akwatin ya sami abin ɗumamawa. Duka biyun kuwa da lantarki suke aiki, dare da rana, kwana biyar ba yankewa.

To, tarihin lantarkinmu kun san shi. An gama madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya malalo har ƙasar Yawuri a cikin wannan jiha. An kafa NEPA a 1972, ta sake suna a 2005, aka sayar da rassanta a 2013, amma har yau babu asibitin da zai dogara da wutar gwamnati ita kaɗai. Wani ɓangare na tsadar da ma'aurata ke biya kuɗin janareta ne da man dizal da batura. Kada kuma mu ɗauka sakaci namu ne mu kaɗai. A watan Maris na 2018 tulunan ajiya suka lalace a asibitoci biyu na Amurka, a ɗaya daga cikinsu, a birnin Kilibland, aka yi asarar ƙwai da tayi kimanin 4,000, kuma an tarar ƙararrawar gargaɗi a kashe take. Na'ura ba ta wadatar idan babu mai tsaronta.

Zafi yana taɓa haihuwa tun kafin a je asibiti. Allah ya rataye marainan namiji a wajen jiki domin maniyyi yana bukatar wurin da ya ɗan fi jiki sanyi, kuma zazzaɓi mai tsanani yana iya rage shi na tsawon watanni biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar cewa a gidaje da yawa matsalar daga wajen mijin take. Amma harshenmu mace yake kira juya, ita ake yi wa kishiya, ita ake yi wa habaici a gidan suna.

Akwai hanyoyin da suka dace da halinmu. A ƙarshen shekarun 1980 wani likitan Faransa, Claude Ranoux, ya fito da dabarar sa ƙwai da maniyyi a ɗan ƙaramin mazubi rufaffe, a ajiye shi a jikin matar kanta na 'yan kwanaki kafin dashe, jikinta ya zama akwatin renon da ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Wannan komawa ce ga hikimar zomayen Kembirij. Haka kuma firjin hasken rana da ke riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 a ƙananan asibitocinmu ya nuna cewa ranar da ke gasa mu tana iya zama maganin kanta.

8.0 Kammalawa

Ina da roƙo ga rukuni uku. Ma'aikatan gwamnati, ku ne masu rubuta kasafi. Duk ranar da aka kawo maganar kafa irin wannan sashe a Birnin Kebbi, ku tuna sayen akwati shi ne mafi sauƙi. Ku tanadi kuɗin wutar da ba ta yankewa, da naitirojin, da gyara, da albashin wanda zai duba ma'auni ya rubuta lambar safe da yamma. Ɗaliban kimiyya na jami'ar nan ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega, aikin Jean Purdy yana jiranku, ga mutane da kuma ga shanun Gudali. Mu kuma masu nazarin harshe, wajibinmu ne mu samar da kalmomin da za su ba mace daga Maiyama damar tambayar likita: idan wuta ta ɗauke me ke riƙe akwatinku, wa ke kwana da shi, kuma taku nawa ne daga ɗakin gwaji zuwa gadon da zan kwanta?

Haihuwa kyauta ce daga Allah, babu mai ja. Amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma kakata, wadda ba ta taɓa ganin ma'aunin zafi ba, ba ta taɓa kwanciya barci ba tare da ta leƙa akurki ba.